Yadda Ake Yi Wa Alamar Kasuwanci Rajista a Najeriya, da Yadda Ake Riƙe Ta Bayan An Samu

Tambayar da ta fi zo mini daga masu ƙananan sana'o'i ita ce wannan: "Na yi wa sunan kasuwancina rajista a CAC, yanzu ga wani can ya buga sunan a jikin kayansa, me zan yi?" Masu yaji, masu turaren wuta, masu ruwan leda, masu ɗinki, duk tambayar ɗaya ce. Amsar ba ta da daɗin ji. Takardar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, ta ba ka damar yin kasuwanci da wannan suna, amma ba ita ke hana wani manna sunan ko tambarin a kwalba ko leda ba. Wannan aikin wani ofishi ne daban, wato ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. A can kuma wanda ya riga kai takarda shi ke da ƙarfi. Mai alamar da ba ta da rajista zai iya zuwa kotu ya ce ana yaudarar masu saye da sunansa, amma sai ya kawo hujjar cewa jama'a sun san shi da sunan, shari'a ce mai tsawo da cin kuɗi. Ga yadda ake bin abin daki-daki.

1. Zaɓi alamar da za ta iya wucewa

Kafin ka kashe ko sisi, zauna ka dubi sunan da kyau. Ofishin yana neman alamar da ke bambanta kayanka da na wasu. Sunan da kawai yake bayyana kayan ko yabonsu ba ya samun shiga da sauƙi. "Yaji Mai Daɗi" kowa na da haƙƙin faɗa game da yajinsa, don haka ba za a ba mutum ɗaya shi ba. Haka "Shinkafar Kano" ko "Kilishin Sakkwato", domin sunan gari ne haɗe da sunan kaya. Amma in ka sa wa yajinka sunan da ba shi da wata alaƙa da yaji, kamar sunan tsuntsu ko wata kalma da ka ƙirƙira da kanka, to ka kama hanya.

Akwai abin da ba a karɓa sam: tambarin ƙasa, alamar da ke yaudarar mai saye game da abin da ke cikin kayan, kalmar batsa ko wadda ta saɓa wa tarbiyya, da duk wadda ta yi kama da wata mai rajista a kan kaya iri ɗaya har mai saye zai iya ruɗewa. Canja harafi ɗaya a sunan wani sanannen sabulu ba dabara ba ce, ana duba yadda sunan yake a ido da yadda yake a kunne.

Gargaɗi: kada ka buga leda dubu goma, ko ka yi odar kwalabe daga waje, kafin ka gama mataki na 3. Na ga wadda ta yi haka da kayan gyaran jiki, ta zo neman rajista ta tarar sunan yana hannun wani tun shekaru. Kwalaben nan a ɗaki suka ƙare.

2. Gano rukunin da kayanka suke

Nan ne mutane suka fi yin kuskure, kuma nan ne kuɗin yake hawa ko sauka. An kasa duk kaya da ayyuka zuwa rukuni 45. Daga 1 zuwa 34 kaya ne, daga 35 zuwa 45 ayyuka ne. Rajistarka tana kare ka ne a rukunin da ka nema, a kan kayan da ka lissafa. A Najeriya kowane rukuni da takardarsa da kuɗinsa, ba a haɗa biyu a takarda ɗaya.

Ga waɗanda suka fi shafar kasuwanninmu. Sabulu, turare, turaren wuta da man shafawa suna rukuni na 3. Magunguna, har da na gargajiya da aka sarrafa, suna na 5. Jakunkunan fata na 18. Yadi, atamfa da zanen gado na 24, amma da zarar an ɗinka ya zama riga, ko hula, ko takalmi, ya koma na 25. Kilishi, dambun nama, madara, yogot da man gyaɗa na 29. Shinkafa, garin masara, yaji, shayi, burodi da zuma na 30. Ruwan leda, ruwan gora, zoɓo da sauran lemuka na 32. Takin zamani na 1, abincin kaji da irin shuka na 31. Gidan abinci da otal na 43, makaranta na 41, sufuri na 39.

Ka lura da wannan. Matar da ke sayar da kilishi da yaji da zoɓo da suna ɗaya, rukuni uku take buƙata: 29, 30 da 32. Idan ta yi rajista a 30 kaɗai, wani na iya zuwa ya nemi wannan sunan a kan zoɓo. Idan kuɗi bai kai na ukun ba, shawarata a fara da wanda ya fi kawo ciniki, sauran su biyo baya da zarar hali ya samu. Kuma a lissafa kayan da gaske ake yi ko ake shirin yi nan kusa. Tara rukunan da ba za a taɓa amfani da su ba asarar kuɗi ce, za ka ga dalili a mataki na 9.

Masu ayyuka kamar gidajen abinci da makarantu sun daɗe cikin ruɗani, domin dokar alamun kasuwanci ta 1965 kaya kawai ta ambata. Gyaran da aka sa wa hannu a 2023 ya shigar da ayyuka a fili cikin dokar, har da siffar kaya da yadda aka naɗe su.

3. Yi bincike kafin ka shigar

Ana biyan kuɗin bincike a duba kundin ofishin ko akwai alama irin taka ko mai kama da ita a rukunin da kake so. Wasu na tsallake wannan don su rage kuɗi, sai su biya kuɗin shigarwa, su jira watanni, a ce musu an ƙi. Kuɗin da aka biya kuwa ba ya dawowa.

Kada ka tsaya ga binciken ofis kaɗai. Shiga kasuwa da ƙafarka. In kayan masarufi ne, zaga Singa da Sabon Gari. In yadi ne, Kantin Kwari. Duba Facebook da Instagram. Mai yiwuwa akwai wanda ya daɗe yana amfani da sunan ba tare da rajista ba, kuma irin wannan mutum yana iya tasowa ya ƙalubalance ka daga baya. Ka sa a bincika rubutun sunan ta fuskoki daban-daban, domin sunayen Hausa kowa da yadda yake rubuta su: da ƙ ko da k, da harafi biyu ko ɗaya, a haɗe ko a rabe.

4. Tara takardu, ka zaɓi wakili

Abin da ake buƙata ba shi da yawa: cikakken sunan mai alamar da adireshinsa, hoton alamar mai kyau wanda ba ya dishi-dishi, jerin kayan da rukuninsu, da takardar wakilci mai sa hannunka idan wani ne zai shigar maka. Galibi ana shigarwa ne ta intanet, ta hannun lauyoyi da wakilan da ofishin ya tantance.

Abu uku ake yanke shawara a kansu a nan, kuma gyara su daga baya wahala ne.

Na farko, sunan wa za a sa. In kamfani ne mai rajista, a sa sunan kamfanin daidai da yadda yake a takardar CAC, harafi da harafi. In sunan kasuwanci ne kawai, alamar ta mutumin ce, sunansa ake sawa. Masu haɗin gwiwa, musamman 'yan uwa da ke kasuwancin gida, su zauna su daidaita tun yanzu a rubuce. Ran da aka zo rabon gado ko aka raba jari, wanda sunansa ke kundin shi doka ta sani. Kada ka yarda wakili, ko yaron shago, ko dilan da ke rarraba maka kaya ya sa sunansa da cewa za a gyara daga baya.

Na biyu, suna za ka yi wa rajista ko tambari. In ka shigar da sunan zalla, ka kare kalmar ko da wane irin rubutu aka yi ta. In tambari ne mai zane, ka kare shi yadda yake a hoton. Mai hali ya yi duka biyun a takardu daban. Wanda zai yi ɗaya kawai, ni dai sunan nake ba shi shawara, domin da baki ake neman kaya a kasuwa, kuma tambari kan canja bayan 'yan shekaru. Game da launi, alamar da aka shigar ba tare da an taƙaita ta ga wani launi ba, doka na ɗaukar ta a matsayin mai rajista a kowane launi. Shi ya sa da yawa ke shigar da baƙi da fari.

Na uku, harshe. Idan sunan Hausa ne, ko Fulatanci, ko Kanuri, ka shirya fassararsa ta Turanci domin ana iya nema. Idan akwai rubutun Larabci ko ajami a jikin tambarin, a haɗa da yadda ake karanta shi da boko da kuma ma'anarsa. A faɗi gaskiyar ma'anar. Ɓoye cewa kalmar tana nufin kayan da kansu zai iya zama makamin da abokin hamayya zai rushe rajistar da shi nan gaba.

Wani abu da ake mantawa: wanda ya zana maka tambarin. Ka karɓi 'yar takarda daga hannunsa mai cewa ya mallaka maka zanen gaba ɗaya, ya sa hannu da kwanan wata. Biyan kuɗin aiki ta waya ba ya wadatarwa idan rigima ta tashi.

5. Lissafin kuɗi

Kuɗin kashi biyu ne, kuma dole a raba maka su. Akwai na gwamnati, wanda ake biya a matakai: na bincike, na shigar da buƙata, sannan na fitar da satifiket a ƙarshe. Akwai kuma ladan wakili, wanda ciniki ne tsakaninku. Duk abin da aka faɗa maka, ka ninka shi da yawan rukunan da kake so, ka sake ninkawa in suna da tambari za ka yi daban-daban. Suna da tambari a rukuni uku, takardu shida ke nan.

Farashin gwamnati yana canjawa, don haka ka nemi wakilin ya rubuta maka na ranar, layi-layi. Tambayar da za ka yi masa kai tsaye ita ce: "Ranka ya daɗe, wannan kuɗin har satifiket ne, ko iyakarsa takardar amincewa?" Yawancin farashi mai arha da ake tallatawa a tsakiyar hanya yake tsayawa. Ka kuma tambaya ko kuɗin ya haɗa da amsa tambayar ofis in ta taso. Kare ƙalubale kusan kullum kuɗinsa daban ne. Kuɗin gwamnati ta Remita yake bi, saboda haka ka nemi rasit ɗin, kada ka tsaya ga hoton tura kuɗi zuwa asusun wani mutum.

6. Shigarwa da takardu biyu na farko

Da an shigar an biya, takarda ta farko za ta fito, mai nuna ofishin ya karɓi buƙatarka. Tana ɗauke da lamba da kwanan wata. Wannan ranar ita ce mafi muhimmanci a duk tafiyar, domin da ita ake sanin wanda ya riga wani, kuma daga ita ake ƙirga shekarun rajistarka. A ranar da ta zo hannunka ka karanta ta da kyau: sunanka, rubutun alamar, rukuni, jerin kaya. Kuskuren harafi ɗaya a nan yana bin ka har satifiket.

Daga nan jami'in ofishin zai duba alamar. In ya gamsu, takarda ta biyu za ta fito, ta amincewa. In bai gamsu ba, zai ƙi ya faɗi dalili, ko ya sa sharaɗi. Sharaɗin da aka fi gani shi ne ka yarda cewa wata kalma ta kowa da kowa da ke cikin sunan, kamar "ruwa" ko "shinkafa", ba taka ce kai kaɗai ba. Wannan ba abin tsoro ba ne, a karɓa. In an ƙi kuwa, kana da damar ba da amsa a rubuce ko neman a saurare ka, kuma sama da nan akwai Babbar Kotun Tarayya.

Gargaɗi, kuma shi ne ya fi damuna a duk rubutun nan: takardar amincewa ba satifiket ba ce. Mutane da yawa suna karɓar ta su kai NAFDAC, domin hukumar tana neman shaidar alamar kasuwanci kafin ta ba kaya lamba, lambar ta fito, shi ke nan sai su manta da sauran tafiyar. Wasu har firam suke sa ta a shago. Bayan shekaru a zo kotu, a ce kawo satifiket, babu. Kafin satifiket ya fito kana iya sa ™ a gefen sunan. Alamar ® kuwa sai bayan an kammala rajista, kuma nuna cewa alama tana da rajista alhali ba ta da ita laifi ne a doka.

7. Bugawa a mujalla da watanni biyu na jira

Bayan amincewa, ofishin zai buga alamarka a mujallarsa ta alamun kasuwanci don duniya ta gani. Mujallar ba ta da tsayayyen lokacin fita, nan ne jinkiri ya fi yawa, kuma shi ya sa duk aikin yakan ɗauki shekara guda, wani lokaci ya haura biyu. Kana iya ci gaba da kasuwancinka da sunan a duk tsawon wannan lokaci.

Daga ranar da aka buga, duk mai ƙorafi yana da watanni biyu ya shigar da ƙalubale. In an ƙalubalance ka, wata ɗaya kake da shi daga ranar da sanarwar ta iso ka mayar da martani. In ka yi shiru, za a ɗauka ka watsar da buƙatar. Saboda haka adireshin da lambar wayar da ka bayar su zama masu aiki, kuma ka riƙa tuntuɓar wakilinka ko da sau ɗaya a wata biyu. Idan an shiga sauraro, kowane ɓangare zai kawo hujjojinsa cikin rantsuwa, magatakardan ofishin ya yanke hukunci. A nan ne tsofaffin rasitai, hotunan leda masu kwanan wata da shaidar talla a rediyo suke yin rana.

8. Satifiket

In watanni biyu sun wuce ba wanda ya ce uffan, ko an yi ƙalubale ka yi nasara, sai a nemi satifiket a biya kuɗinsa. Ba ya zuwa da kansa, sai an nema. In jinkirin kammalawa daga wajenka ne, ofishin na da ikon aiko maka sanarwa sannan ya ɗauki buƙatar a matsayin wadda aka bari. Da ya fito, ka ɗauki hotonsa ka ajiye a imel, asalin kuma ya shiga inda takardun fili suke.

9. Riƙe alamar

Rajistar farko shekara 7 ce, daga nan kowace sabuntawa shekara 14. Shekara bakwai ɗin daga ranar shigar da buƙata ake ƙirga su, ba daga ranar da satifiket ya zo hannunka ba. Wanda ya shigar a 2020 ya karɓi satifiket a 2022, rajistarsa a 2027 za ta ƙare. Rubuta ranar a inda ba za ta ɓata ba, ka gaya wa ɗanka ko abokin kasuwancinka, ka fara shirin biya tun da sauran watanni. In an makara akwai ƙarin kuɗi, in an daɗe a cire alamar daga kundin, maido da ita kuma roƙo ne da ba shi da tabbas.

Yi amfani da alamar. Wadda ta shekara biyar a jere ba a yi ciniki da ita ba, wani mai buƙata na iya neman a soke ta. Ka kuma yi amfani da ita yadda aka yi mata rajista. In ka sake tambarin sosai, sabuwar buƙata ake shigarwa.

Duk wani canji a kai shi ofis a rubuta: sabon adireshi, sabon sunan kamfani, sayar da alamar, ko komawarta hannun magada. Haka in ka ba wani izinin yin kaya da sunanka, misali mai gidan burodi a Kaduna da ya bar wani ya buɗe reshe a Gusau, a yi yarjejeniya a rubuce mai faɗin ingancin da za a kiyaye, a kai a yi mata rajista.

Ofishin ba zai yi maka gadin kasuwa ba. Kai ne za ka sa ido, dilolinka su ne idanunka. In ka ga jabu, sayi samfur, karɓi rasit, ɗauki hoto da kwanan wata kafin ka yi wa kowa magana. Kada ka ɗauki matasa ka je kwashe kayan mutum, sai ƙarar ta juyo kanka. Lauya ya fara rubuta takardar gargaɗi, sau da yawa a nan maganar ke mutuwa, musamman in shugabannin kasuwa sun shiga tsakani. In ta ƙi, Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin wannan ƙara, tana iya hana shi ci gaba ta kuma sa ya biya diyya. In abinci ne ko magani ko kayan shafa, a sanar da NAFDAC ma. Ka kuma sa wakilinka ya riƙa duba mujallar, domin watanni biyun nan kai ma naka ne idan wani ya nemi suna mai kama da naka.

10. In kayanka na tsallaka iyaka

Satifiket ɗin Abuja iyakarsa Najeriya. Kayan da ke bi ta Jibiya zuwa Maraɗi, ko ta Maigatari zuwa Damagaram, ba su da kariya da zarar sun tsallaka. Nijar, Chadi, Kamaru da Benin suna cikin OAPI, ƙungiyar da ke rajistar alamun kasuwanci ga ƙasashen Afirka 17, wadda hedikwatarta ke Yawunde. Rajista ɗaya a can tana aiki a duk ƙasashen, tsawon shekara 10, ana kuma sabuntawa. Ɗan Nijar na iya farawa daga ofishin hulɗar ƙungiyar da ke Yamai, ɗan Najeriya kuwa ta hannun wakilin da ƙungiyar ta amince da shi zai bi. Najeriya ba ta cikin OAPI, don haka ɗan kasuwar Maraɗi da ke kawo kaya Kano shi ma sai ya yi tasa rajistar a Abuja. Gana da Sudan kowace da nata ofishin. Ka shigar da buƙatar a can kafin ka ba dila kaya masu yawa, kuma a cikin yarjejeniyarku a rubuta ƙarara cewa ba shi da izinin yi wa sunan rajista da sunansa.